Gorar Baba Nomau

A unguwar Amarewat, in ka tambayi aikin Balki ƴar Bahago maƙeri, kowa da amsar da zai ba ka. Gwaggonta Habsatu ta daɗe tana shaida wa mata a gidan buki cewa ƴar ɗan'uwanta tana tuƙa jirgin sama daga cikin ɗaki. Ita dai ta taɓa jin Balki ta ce "pilot ɗina" a salula, shi ke nan magana ta zauna. Balki ta yi bayani har bakinta ya gaji, daga baya ta bar gwaggo da jirginta.

Gaskiyar magana ba ta kai nan ba. Balki malamar ordinatar ce, wato kwamfuta, a lise, babbar makarantar sakandare, da safe ke nan. Da yamma kuma tana da wani aiki na sa kai. Na'urorin zamani suna da wata ƴar baƙar ƙwaya a ciki, ba ta fi farcen babban yatsa ba, ita ce ƙwaƙwalwarsu. Gefen ƙwayar ƙafafu ne sirara jere kamar na shanshani, ta nan take jin abin da ke faruwa a waje, ta nan kuma take ba da umarni. Akwai wani babban tsari na kyauta da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori, mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu suna rubuta shi. Tsakiyarsa masu Faransanci suna ce masa noyo, wato ƙwallo, kamar na dabino. A cikin noyon akwai ƙananan rubuce-rubuce da ake kira pilot, kowane yana koya wa tsarin yadda zai yi ma'amala da wani ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu yana hannun Balki, shi ke raba wa ƙafafun wata irin ƙwaya aiki, wannan ta saurara, waccan ta kunna. Tun tana karatu a Dakar take aika masa ƙananan gyare-gyare. Da wanda ya fara rubuta shi ya koma wani aiki, aka duba wa ya fi saninsa, aka sa sunanta.

Mahaifinta ne kaɗai bai taɓa neman dogon bayani ba. Ranar da ta nuna masa ƙwayar, ya ɗauke ta da ɗan hantsakinsa na azurfa, ya juya ta a haske, ya daɗe yana kallon ƙafafun.

"Wanda ya yi wannan yana da hannu," ya ce. "Uwata, ashe ke ma maƙeriya ce. Wutarki ce dai ba ta ƙuna."

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Shekarar nan damina ba ta yi ba. Ciyawa ta ƙare tun kafin sanyi ya wuce, tabkuna suka ƙafe, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. A kasuwar dabbobi saniya ta zama abin tausayi, makiyaya suna tsaye kanta suna jiran mai saye har rana ta faɗi. Illiya mijin Balki, mai kafa pampo mai aiki da rana, bai samun zaman gida, kullum yana hanyar wani foraj, wato rijiyar burtsatse. Akwatunan da ke sarrafa pampunansa duk da ƙwayar Balki ya haɗa su, yana cewa wanda ke da likita a gida ba ya zuwa nesa neman magani.

Wata Alhamis da azahar ya dawo daga Aderbissinat, ya zube a tabarma ko takalmi bai cire ba.

"Pampon nan zai ga bayana, Balki."

"Sannu da hanya tukuna, Baban Indo. Sha ruwa."

Ya shanye moɗa guda, sannan ya kwashe mata labari. A cikin shaton da ake tara ruwa akwai wata roba mai yawo a bisa ruwa, mutanen wurin suna ce mata gora. In shato ya cika, gora ta taso ta gaya wa akwati ya tsayar da pampo. In ruwa ya sauka, ta sauka ta ce a kunna. To pampon Aderbissinat sai ya tsaya da tsakar rana ya ƙi tashi, shato ya ƙafe ƙaƙaf, pano masu ba pampo wutar rana suna shan rana a banza, dabbobi suna kuka a bakin kwami. In aka kashe akwatin aka kunna, sai ya tashi kamar ba shi ba.

"Na canja gora. Na canja waya. Har akwatin na canja ɗungurungum."

Balki ta tsaya da lomar shinkafa a hannu. "Sabon akwatin ma ya yi?"

"Sabo fil, daga kwali na fiddo shi."

"In ƙarafa biyu daban suka kamu da ciwo iri ɗaya, to ba ƙarfen ba ne. Abin da aka zuba musu ne."

"Haba. Irinsa ne a Ingal, irinsa ne a Tabelot, ko tari ba su taɓa yi ba."

"Shi ya sa nake so in gani da idona."

Da yamman nan ta haɗa akwati guda a kan teburinta, ta sa maɓalli a maimakon gora, ta yi ta dannawa har yatsanta ya yi ja. Akwatin bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ta kai ƴarsu Indo wajen Gwaggo Habsatu, ranar Asabar bayan sallar asuba suka kama hanyar Zinder a tsohuwar motar Illiya, katkat mai shiga rairayi.

Hanya ce mai sa mutum ya yi shiru. Nan da can gawar saniya a gefen titi, fata ta manne da ƙashi. Amma Illiya ba ya iya shiru mai tsawo. Ya yi ta ba ta labarin Baba Nomau mai kula da foraj ɗin, wanda ya raɗa wa pampon suna Amarya, wai don ba a sanin abin da ke ɓata mata rai. Balki na cikin dariya suka iso bariyar sojoji, shingen binciken da ke bakin Aderbissinat.

Wani sarjan dogo, an rubuta Tanko a ƙirjinsa, ya karɓi takardunsu ya duba. Ya san Illiya, ya sha ganinsa. Jakar Balki ce bai sani ba. Da ya buɗe ya ga korayen faifai da wayoyi ja da baƙi sun nannaɗe, fuskarsa ta canja. Ba a daɗe da gama tawaye a yankin ba, kuma duk wanda ya yi aiki a hanyoyin nan ya san abin da ake binnewa da ƴan wayoyi.

"Madam, sauko. Mene ne wannan?"

Kafin Balki ta buɗe baki, Illiya ya riga ta, don tsoro ya kama shi. "Shef, kayan aikinta ne. Ai ita ce mai pilot ɗin."

"Pilot?" Sarjan ya ja da baya taki ɗaya. "Na wane jirgi?"

Balki ta harari mijinta, sannan ta juyo ta gaida sarjan a natse. Ta nuna rumfar da ke gefen hanya, inda butar shayi ke bisa gawayi.

"Shef, in kana rumfa kana shan shayi, idonka na kan hanya kullum?"

"A'a. Akwai mai tsaro. In mota ta zo sai ya busa usur."

"Sai ka aje kofi ka fito, ka sallame ta, ka koma shayinka."

"Haka ne."

"To ƙwaƙwalwar akwatin nan ita ce kai. Tana da ayyukanta, ba ta zama kallon shato. In gora ta motsa, ƙafa ɗaya daga cikin waɗannan ta busa usur, ta katse mata aiki. Mu muna kiransa katsewa. Aikina shi ne in an busa a ji. A foraj ɗin garin nan ina zaton ana busawa ba a ji, shi na zo dubawa."

Sarjan Tanko ya dubi faifan, ya dubi sojan da ke riƙe da igiyar bariyar, ya kwashe da dariya.

"In nawa ne ya bar mota ta wuce bai busa ba, na san maganinsa." Ya rufe jakar da kansa ya miƙa mata. "Foraj ɗin Nomau? Can muke ɗibar ruwa mu ma. Shekaranjiya da jarka wofi aka dawo mini. Ku wuce, Madam, Allah ya ba da sa'a. In kin kama mai laifin ki kawo mini shi."

Suna wucewa Balki ta ce, "Baban Indo, daga yau in soja ya yi tambaya, ni zan amsa."

"Na yarda. Har in Gwaggo Habsatu ce ta yi."

Tun daga nesa suka ji foraj ɗin kafin su gan shi: kukan shanu, haushin raƙuma, ihun makiyaya. Fulani da Buzaye da a sauran shekaru suke warwatse a tabkuna, bana duk sun taru a nan, kowane garke na jiran layinsa. Mata da jakuna da jarkoki sun kewaye bakin pampon unguwa. A tsakiya shato yake tsaye bisa ƙafafun ƙarfe, da tsani a gefensa, akwatin kuma yana ɗaure a inuwar ƙarƙashinsa.

Baba Nomau ya taho yana ɗingishi, gajeren tsoho mai farin gemu, makullin akwati na rataye a wuyansa kamar laya.

"Injiniya, ka kawo mini babbar likita ke nan? Sannu da zuwa, Malama. Amarya tana nan, yau dai da fara'a ta tashi."

"Mun same ku lafiya, Baba? Yaya ƙoƙari?"

"Ƙoƙari sai godiya. Gwiwa ce dai. In ta tsaya ban sani ba sai na ji mutane sun fara zagin kakana, sannan in zo in kashe in kunna. Kafin shato ya sake cika rana ta tafi."

Balki ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin shato, ta haɗa ordinatarta da akwatin da wata siririyar waya, ta zauna jira. Pampon kuwa ya ga baƙi. Ya tashi, ya tsaya, ya tashi, ya tsaya, daidai yadda littafi ya ce. Hantsi ya wuce, rana ta take, babu abin da ya faru.

"Haka take," in ji Baba Nomau. "In ta ga likita sai ta warke."

Wata Bafilatana mai suna Biba, da ke sayar da fura a gindin wata aduwa, ta kawo musu ƙwarya guda. Nonon tsululu ne, ta ba da haƙuri, ta ce bana shanun ba su da abin bayarwa. Ta tsuguna tana kallon rubutun da ke gudu a fuskar ordinatar, ta tambaya ko a nan ciki ruwan yake. Balki ta ce a'a, labarin ruwan ne kawai.

An idar da azahar ke nan gunjin pampo ya ɗauke. Aka jira ya tashi. Ruwa na ta fita ta kwamaye, ana jin shato yana sauka, pampo shiru. Baba Nomau ya zabura ya kai hannu wajen makunni.

"Baba, kar ka taɓa!"

Ya tsaya da hannu a sama. "Malama, in ban taɓa ba yanzu za su cinye ni ɗanye."

"In ka kashe, ciwon ya ɓuya, sai mu sake jiran gobe. Ka ba ni gwargwadon dafuwar shayi."

Maganar ta bazu cikin makiyaya cewa baƙuwa ta hana a kunna. Wani dattijon Buzu ya matso, rawani ya rufe masa fuska sai ido, ya ce raƙumansa tun jiya suke layi. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi nauyi. Illiya ya tare shi da gaisuwa doguwa, irin wadda ake tambayar gida da iyali da gajiya da zafi, ya ƙare ya sake ɗaukowa daga farko. Baba Nomau kuwa ya hura gawayi ya ɗora buta a gaban kowa, don a ga alƙawari.

Balki ta tambayi ƙafar da gora ke haɗe da ita. Ƙafa ta ce ruwa ya sauka. Ta duba lissafin katsewa, bai motsa ba tun da pampo ya tsaya. Wato ƙafa ta sani, ƙwaƙwalwa ba ta ji ba. Ta shiga can ciki ta duba me aka ce wa ƙafar ta jira. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta tafa hannu har Biba ta firgita.

"Na kama shi! Baba, kunna!"

Pampo ya tashi da gunji, dattijon Buzu ya juya wajen raƙumansa, shayi ma bai kai ga tafasa ba.

Illiya ya tsuguna kusa da ita. "Faɗa mini da Hausa."

"Ƙwayar nan ba ta iya tsaron hanya biyu a lokaci ɗaya. Ko dai ta jira tasowar gora, ko ta jira saukarta. To pilot ɗin dabara yake yi. In gora ta taso, sai ya duba ya ga ta taso, sannan ya ce wa ƙafa, yanzu jira sauka. Tsakanin dubawar da faɗar akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba. In gora ta sauka a daidai wannan lokacin, ƙafa za ta zauna jiran abin da ya riga ya wuce. Akwati yana zaton shato cike yake, ba zai kunna ba. Gora kuma ba za ta sake tasowa ba tunda ba ruwa. Kowa na jiran kowa."

"To me ya sa sai nan? Me ya sa sai bana?"

Ta nuna masa kwamaye. "Da can shato ya cika, ruwa ya kwanta, gora ta taso a hankali. Bana duk bakuna a buɗe suke, pampo na zubawa ana ja, ruwan saman kamar ana kaɗa nono. Gora rawa take yi. Yatsana a kan maɓalli bai iya wannan rawar."

Illiya ya yi murmushi irin na wanda aka wanke. "Ashe ba wayata ba ce. To wa ya rubuta wannan wurin? Ke?"

"Na tarar da shi, kuma na sha karanta shi ban gani ba. In akuya ta shiga gona ba a tambayar wa ya haife ta, makiyayi ake nema. Sunana ne a kai."

Gyaran kansa layuka ne kaɗan: bayan an ce wa ƙafa abin da za ta jira, a sake dubawa, ko gora ta canja a tsakani. Haɗa sabon noyo ne aiki. Ordinatar ta fara, ta yi zafi kamar kaskon waina, ta mutu a tsakiyar hanya. Balki ta sake tayarwa, ta sake mutuwa. Biba ta dafa ta, ta janye hannu da sauri, ta ce wannan zazzaɓi ne. Ta je ta ɗauko faifai, Balki ta jiƙa buhu ta shimfiɗa a ƙasa, ta ɗora ordinatar bisa duwatsu biyu don iska ta bi ƙarƙashi, Biba ta zauna tana yi mata fifita tana yi mata sannu. A haka aka gama.

Ba su gwada ba sai da la'asar ta yi sanyi, lokacin da rana ba ta da ƙarfin tura ruwa, don kada a tauye wa kowa rabonsa. Illiya ya cire wayar pampo ya ɗaura ƙwan fitila a wurinta: in gora ta sauka fitila ta kama, in ta taso ta mutu. Saura wanda zai hau shato ya girgiza gora. Illiya ya kama tsani, Baba Nomau ya riƙe masa riga.

"Injiniya, sauka. Ni ta wahalar, ni zan rama."

"Baba, gwiwarka fa?"

"Gwiwar ma tana so ta gani."

Ya hau a hankali yana nishi, ya buɗe murfi, ya zura hannu har kafaɗa. Makiyaya da suka gama shayarwa suka taru, mata suka aje jarkoki. Tsoho ya fara girgiza, fitila na ƙyaf-ƙyaf, wasu samari suka fara tafi suna bin ta. Ya ƙara wuta, tafi ya ƙara sauri. Can sai ya saki gora ta sauka, fitila kuwa ta zauna a mace.

Tafi ya tsaya. Wani ya ce, "Amarya ta yi yaji."

Balki ta ciji leɓe. Sau ɗaya ta sa a sake dubawa, gora kuwa ta iya canjawa a cikin gyaran ma. Ta ɗaga kai ta ce, "Baba, hannunka ya fi dabarata sauri. Ka zauna nan sama ka huta, ina zuwa."

"Ki yi a hankali, Malama. Nan sama iska ta fi daɗi, kuma ba mai zagina."

Ta sake rubutawa: a duba, a saita, a sake dubawa, a yi ta yi har sai abin da aka gani da abin da ake jira sun dace. Biba ta koma bakin fifita ba tare da an ce mata ba. Rana ta yi ja kafin a gama. Baba Nomau ya naɗe hannun riga, ya kama gora kamar mai dambe da ita. Ya girgiza, ya saki, fitila ta kama. Ya ɗaga, ta mutu. Ya yi mata a hankali, ya yi mata da mugunta, ya yi kamar zai saki ya fasa. Duk inda ya bar gora, nan fitila take tsayawa. Da hannunsa ya gaji wani saurayin Bafilatani ya hau ya karɓe shi, shi ma ya yi har ya gaji. Biba ta aje faifai ta rangaɗa guɗa.

Suka kwana gidan Baba Nomau, washegari suka zauna ƙarƙashin shato har rana ta karya. Pampo ya yi aikinsa bai ko waiwaye su ba. A bariyar Sarjan Tanko ya leƙo ya tambayi mai laifi. Balki ta ce an yi masa horo a wurin, ya tuba.

Aiki bai ƙare ba a wajenta. Ƙwayar nan ba a Aderbissinat kaɗai take ba, tana cikin na'urori a ƙasashen da Balki ba ta taɓa takawa ba, kuma gyara bai zama gyara sai ya shiga noyo na kowa. Sama da ita akwai wani mai kula da duk pilot na ƙafafu, mutumin wata ƙasa mai sanyi da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Alƙali take ce masa a gida, don ko waƙafi ba ya bari ya wuce. Ranar Litinin ta je sibar, shagon intanet, ta yi ta fama da rezo, wato layi, mai tafiyar hawainiya, ta aika masa gyaran.

Amsa ta zo kashegari, gajeriya kamar kullum. Ya ce kamun ya yi kyau. Ya ce zagayen nan na a-yi-ta-yi ba shi da iyaka, in waya ta lalace tana rawa ba tsayawa, na'ura za ta maƙale a ciki, a sa masa iyaka. Daga ƙarshe ya ce ya duba ƙamus biyu bai samu ba, mene ne gora?

Balki ta yi dariya har mai sibar ya leƙo. A cikin sauri, ƙarƙashin shato, ta raɗa wa wani abu a rubutun suna gora, ta manta ba ta canja ba. Batun iyaka kuwa gaskiyarsa ne, ta ji haushin kanta kaɗan, ta gyara. Ta canja sunan, ta rubuta bayani da Ingilishi yadda ciwon yake da yadda aka kama shi, ta ce Nomau mai kula da foraj a Aderbissinat ne ya gwada da hannunsa. Alƙali ya dawo da shi karo na biyu saboda wani layi ya yi tsawo. A na uku ya rubuta kalma biyu: an karɓa. A ƙasa ya ƙara cewa a gaida mai girgizawa.

Illiya ya zagaya sauran foraj ɗinsa ya zuba musu sabon noyo, har da Aderbissinat, don na can ba shi da iyakar da Alƙali ya sa. Ruwan pampo bai zama ciyawa ba. Shanu da yawa ba su ga damina ba, na Biba ma biyu suka kwanta. Amma a foraj ɗin Baba Nomau ba a sake komawa da jarka wofi ba.

Wata Juma'a bayan masallaci Balki ta kira shi a salular mai shagon kusa da foraj. Aka je aka kirawo shi, ya zo yana haki.

"Malama! Lafiya dai? Amarya tana gaishe ki."

"Lafiya lau, Baba. Albishir na kira in yi maka. Sunanka ya shiga cikin aikin nan, duk wanda ya buɗe tarihin gyaran a duniya zai gan shi."

Ya rage murya. "Sojoji ma?"

"Ba irin wannan ba, Baba. Yabo ne. An rubuta kai ka gwada."

"To, to. Me aka rubuta daidai?"

"Nomau mai kula da foraj a Aderbissinat."

"Nomau kawai? Malama, a garin nan kaɗai mu uku ne. Akwai mai naman nan, yanzu sai ya ce shi ne. Ki koma ki sa ɗan Mamman."

"Abin da ya shiga ba ya fita, Baba. Haka dokar wurin take."

"Kai! Sun fi alƙalin Zinder." Ya yi ɗan tsaki, ya yi dariya. "To shi ke nan. In wani ciwon ya taso ki zo da wuri, in sake girgizawa, a rubuta daidai. Bari in koma, na ga Fulanin Tanut sun iso, kuma ba layinsu ba ne."

Ya miƙa wa mai shago salular bai kashe ba. Balki ta ɗan jima tana jin kukan shanu da muryarsa tana nisa, yana ce wa wani ya ja garkensa baya.